Lam Aka Ce, Na Ji Malam

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya, ina aiki? Ni ce Tasallah daga Gangara. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ke rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Ɗana Illa yana da tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake ɗaukar hatsi. In ta faɗa rami, sai ka ji kamar an buga maka taɓarya a ƙugu. Saboda ita na kasa zuwa Belbeji ganin yayata Hajo, ga ta kwance ba lafiya, kullum tana aiko mini in zo.

Ran nan ya ce, "Inna, aikin lam ne." Ni kuwa na ji "malam", har na kama kaza zan kai sadaka! Ya yi ta dariya, ya ce, "Inna, ƙarafa ne a ƙarƙashin mota, jere kamar haƙarƙari."

A wani gareji a Tanut aka kwance su. Ashe yashi da tsatsa sun manne su, kuma Illa ya taɓa ƙara wasu don ɗaukar lodi. Makanike ya cire na ƙarin, ya goge sauran, ya shafe su da mai.

Jama'a, jiya muka gwada! Ramin bakin kasuwarmu da nake rufe ido in mun zo shi, wallahi sai da muka wuce na tambaya ko an cike shi ne.

Hajo, in rediyo na kusa da ke, ki daure ki ci abinci. Jibi da hantsi ina tafe, ki sa a shimfiɗa mini tabarma kusa da gadonki.