Tsofaffin riguna sun toshe mana kwata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Daga Agege nake rubuto muku.

Sau biyu a daminar bana ruwa yana shiga ɗakina. Da muka buɗe kwatar layinmu, sai muka ga tsofaffin riguna da zannuwa ne suka toshe ta. Na ajiye buhu a ƙofar gida domin kowa ya zuba tsummansa, tunda 'yan dakon kasuwa suna naɗa gammo da shi, wata dattijuwa kuma tana cusa shi cikin matashin kai.

Mako uku ke nan, kayana ne kaɗai a buhun. Shekaranjiya na tarar da maƙwabcina, Alhaji Sabo, yana tura tsohuwar jallabiyarsa cikin kwata da sanda. Na ce, "Haba Alhaji, ga buhu!"

Ya ce, "Malam, rigar da ta sha gumina zan ba wanda ban sani ba? Ka taɓa ganin wanda aka yi wa sammu?"

Na ce ban taɓa gani ba, amma na ga katifata tana iyo.

Damina ba ta ƙare ba. Don Allah jama'a, me zan faɗa wa mutumin da ya fi yarda da kwata a kan maƙwabcinsa?

Naku, Lawal Isiyaku.