Jana'izar Mutumin da Ba a Taɓa Haifa Ba

Mai girma Magajin Garin Castrovento, Donato Pisicchio, shugaban wannan taro. Mai daraja Fada Egidio, limamin cocinmu, wanda ya san zunubanmu duka amma bai daina gaishe mu ba. 'Yan majalisar gari, da waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko matansu. Baƙinmu na Potenza da Matera. 'Ya'yan ƙanin mijina, Gerardo da Saverio, da ke zaune a sahun gaba suna lura da yadda nake numfashi. 'Yan'uwana mata masu baƙaƙen kaya. Jama'ar gari, manya da yara, barkanku da yamma.

Ni ce Carmosina Latronico, matar marigayi Vitantonio, mai wannan gidan silima da kuke zaune a ciki. Ina godiya ga majalisa da ta tuna cewa yau shekara hamsin da aka ɗauki fim a garinmu. Ina godiya ta musamman ga Gerardo, wanda ya shirya taron, ya kuma rubuta mini jawabi mai kyau inda zan miƙa masa makullin gidan nan don ya rushe shi ya yi wurin ajiye motoci. Jawabin yana gida, na saka shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Magana uku gare ni.

Ta farko a kan fim ɗin ce. Labarinsa kun sani: wata mace ta auri tsohon attajiri tana sa ran ba zai wuce sanyin bana ba, tsoho ya ƙi mutuwa har shekara talatin, ranar da ya tafi ya bar mata dukiya ba ta da haƙorin cin nama. Duniya ta yi dariya, masana sun yi rubuce-rubuce, sun ce ba a taɓa ɗaukar jana'iza mai kama da gaske irin wadda ke cikinsa ba. Sun yabi mai ba da umarnin, sun ce gwani ne wajen koya wa mutanen ƙauye wasa. Ina wurin, shekarata ashirin da huɗu, kuma na rantse bai koya wa kowa komai ba.

Ga abin da ya faru. Mutumin ɗan birni ne, ya ga muna manna sanarwar mutuwa a bango, ya ga tana yi wa hoto kyau, sai ya sa aka buga guda talatin aka manna da asuba. Bai san cewa a garin nan ana karanta bango kafin a sha kofi ba. Takardar ta ce Don Ermenegildo Squillante ya rasu, mai gonakin zaitun da gidaje, kuma bai bar ɗa ba. Ba a taɓa haihuwar wani Don Ermenegildo ba, a cikin ƙwaƙwalwar mai ba da umarnin kawai yake. Amma ya rubuta bai bar ɗa ba, ku kuwa kun san al'adarmu: dangi ne ke bin bayan akwati, wanda ya fi kusa da jini shi ke gaba, kuma gari yana kallo, yana riƙe wa ranar rabon gado.

Ya yi niyyar hayar mutum arba'in su yi wasan masu makoki. Kafin ƙarfe goma mutum ɗari uku sun cika dandali, kowa da baƙar riga, kowa ido jawur. Mata suka ɗauko tukwanen romo da taliya suna tambayar gidan makoki, tunda ba a hura wuta a gidan mutuwa kwana uku. Wata tsohuwa ta ce da hannunta ta raine shi. Mai ba da umarnin ya ɗaga murya zai yi bayani, mai riƙe kyamara ya damƙe hannunsa ya ce, "Maigida, rufe bakinka, wannan kyauta ce." Akwatin kuwa duwatsun rafi ne a ciki.

Wanda ya fi kowa kuka a ranar wani matashin wanzami ne. Ya ture mutum biyu, ya faɗa kan akwati yana cewa, "Kawu, wa ka bar ni da shi? Kai ka riƙe ni ranar baftisma!" Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina, wanda zai iya yi wa duwatsu wannan kuka ba zai bar matarsa da yunwa ba. Bayan wata takwas na aure shi. Hasashena bai faɗi ƙasa ba, domin Vitantonio ya yi arziki da man zaitun, wanda a wasu shekarun har da zaitun a ciki. Abu na farko da ya saya shi ne wannan gidan silima, ba don yana son silima ba, sai don kada a taɓa haska fim ɗin a garin nan. Na san kowannenku ya kalla a ɓoye, kuma kowa ya gane uban maƙwabcinsa, bai gane nasa ba. Yau za mu kalla tare, a babban allo.

Magana ta biyu a kaina ce, kuma a nan dariya za ta ragu. Shekara tara ke nan da Vitantonio ya rasu, shi ma bai bar ɗa ba. Shekara tara ina cikin baƙi tun daga ɗankwali har safa, shekara tara tagar gidana a rufe rabi, shekara tara ban taka wannan ɗakin ba, domin an ce bai dace da matar mamaci ba. Kowace Lahadi Gerardo da Saverio suna kawo mini romo. "Inna, yaya tarin?" in ji Saverio. Na ce ba na tari. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye," da muryar wanda motar kasuwa ta wuce ta bar shi.

Bara, ranar ziyarar matattu, na kai wa mijina furanni, sai na tarar an canja dutsen kabarin. Sabon dutsen marmara, mai gefe biyu. A dama sunansa da hotonsa. A hagu sunana, da hotona, da shekarar haihuwata, da ɗan layi, sai filin shekarar mutuwa. Na san al'ada ce, na san rabin matan da ke ɗakin nan suna da irinsa, suna zuwa suna goge hoton kansu da tsumma. Amma ba wanda ya tambaye ni. Na tsaya ina kallon filin nan, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ba mutuwa na ji tsoro ba. Abin da ya ci mini rai shi ne na gane an gama da ni, ana jiran takarda ce kawai. Da na yi wa Gerardo magana ya ce, "Haba Inna, ai don a sauƙaƙa miki ne." Hoton ma wanda na rufe ido ɗaya suka zaɓa.

Washegari na tafi wurin Biagio, mai sassaƙa duwatsun kabari, don in zage shi. Na ce, "Biagio, kai ka binne ni da raina?" Ya ajiye guduma, ya kaɗe ƙurar hannunsa, ya ce, "Carmosina, aiki aka kawo na yi. Amma na gaya musu filin nan zai tsufa kafin a cike shi, domin na ga yadda kike hawan tudun coci." Sannan ya ba ni kujera, ya dafa kofi. A shekara tara shi ne mutum na farko da ya dube ni bai dubi makullan da ke ɗamarata ba. Na koma washegari don in ƙarasa zagin, na sake komawa, har yau ban ƙarasa ba.

Magana ta uku gajeriya ce. Ranar Alhamis da safe Fada Egidio ya ɗaura mana aure, ni da Biagio, kuma kun ga shaidar cewa Fada yana iya riƙe sirri. Saverio, zauna, ba a gama ba. Na san abin da za ku faɗa a dandali gobe, shi ya sa na riga ku tambaya. Na ce, "Biagio, don dukiyata ne?" Ya ce, "Rabi da rabi." Na ce, "Wane rabin ya fi nauyi?" Ya ce, "Ya danganta da ranar." Na yarda da shi nan take, domin na daɗe ban ji gaskiya ba. Ya girme ni da shekara biyar, yana da hawan jini, saboda haka ban san wa ke jiran wa ba, kuma wannan ya fi mini daɗi a kan a jira ni ni kaɗai.

Gida da gonaki sun sami maigida. Wannan gidan silima kuwa na sa hannu gaban lauya na ba gari, bisa sharaɗi biyu: ya zauna silima, kuma a haska fim ɗin nan kowace shekara, kujeru biyu na gaba na Gerardo da Saverio ne kyauta. Gerardo, in an kai minti na arba'in da biyu ka duba hagu. Mutumin da ke janye Vitantonio ta riga yana cewa shi ya fi kusa da mamacin, ubanku ne. Game da filin da ke kan dutsen kuma, Biagio ya ce in sanar da ku ya yi ritaya, kuma ya sayar da gudumar.

Allah ya ji ƙan Vitantonio, ya yafe masa man zaitun. Allah ya ji ƙan Don Ermenegildo, wanda bai zo duniya ba amma ya fi mu yawan dangi. Allah ya ba Magajin Gari ƙarfin riƙe amanar gidan nan. 'Yan'uwana masu baƙaƙen kaya, Allah ya buɗe muku tagoginku, ya sa ku ga wanda zai dube ku tun kuna numfashi. Gerardo da Saverio, Allah ya ba ku haƙuri mai yawa da tsawon rai, domin za ku buƙaci duka biyun. Romon Lahadi kada ku fasa, sai dai ku ƙara kwano ɗaya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.