Fuskar da Aka Goge da Yatsa

Ina cikin keke daga Ƙofar Ran, wani saurayi ya miƙa wa dattijuwar da ke gefensa waya.

"Mama, duba don Allah. Hoton neman fasfo na tura ta intanet, sun ƙi karɓa. Me ya rasa?"

"Wannan ɗan farin ƙaninka ne?"

"Ni ne mana!"

"Kai? To ina tsagar kumatunka?"

"Na goge da waya, na ƙara haske."

"Wanzami ya sha wahala da aska, kai ka goge da yatsa. Je ka ɗauki na gaskiya."

"Ba zai yiwu ba. Wadda ta gayyace ni Dubai ta ce in tura mata fasfon, kuma wannan fuskar ta sani."

Dattijuwar ta mayar masa da wayarsa.

"To shi ya tafi, ɗana. Kai ka zauna a Bauchi."