Ciwon Ɓarin Kai Zai Raba Ni da Ɗana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Audu daga Maruta, ƙasar Gwaram. Ban yi boko ba, malamin firamaren garinmu na sa ya rubuta mini.

Na daɗe ina fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso, ko haske ba na so, balle hayaniya. Wanzami ya yi mini tsaga, ya kafa ƙaho, duk a banza.

Ranar sunan jikana ciwon ya tashi. Ina kwance na ɗaure kai da rawani, makaɗa suka dasa kiɗan kalangu a ƙofar ɗakina. Na fito na kore su, har da baƙi. Sai ɗana Sale ya ce na kunyata shi gaban surukansa, wai da kaka zai fita daga gandu ya tafi Kano leburanci. To, wa zai noma mini gonar?

Na je asibiti Birnin Kudu neman allura. Malamin asibitin ya dube ni ya ce, "Baba, kana da riƙo ko?" Na ce, "Wane munafukin ya faɗa maka?" Ya yi dariya ya ce ba kowa, ai ciwon yakan sa saurin fushi, ɓacin rai kuma yakan tayar da shi. Ya ba ni ƙwaya, ya ce in je in ba Sale haƙuri.

Innalillahi! Ni da na haife shi? Jama'a, ku ba ni shawara, a ina aka taɓa yin haka? In ma zan yi, wallahi sai ya fara durƙusawa ya gaishe ni.