Dawar Burkutu a Harlem

A teburin Hajiya Nimatu da ke 125th Street, wani direban tasi ya tsaya yana juya dawa a tafin hannunsa.

"Hajiya, kunu zan dama. Za ta tsiro kuwa?"

"Kunu kake tambayar tsiro? Bawan Allah, burkutu ne."

Ya sunkuyar da kai. "Babana ne ba lafiya, ya daina cin komai. Shi kaɗai yake ambato, ni kuma ban taɓa yi ba."

"To, fara da tukunya ɗaya. Jiƙa kwana guda, rufe kwana uku ta tsiro. Shanya, niƙa, dafa sau biyu. In ya huce, zuba yis kaɗan ya tashi."

"Hajiya, ina kika san wannan?"

Ta ɗaure ledar ba ta dube shi ba. "Da shi uwata ta raine mu a Bawku. Allah ya ba Baba lafiya."