Katifar da Baturiya Ta Bari

A tashar motar Moshi, 'yan dako biyu, dattijo da saurayi, masu kai kayan baƙi saman dutsen Kilimanjaro suna jiran mota. Dattijon ya ƙura wa naɗaɗɗiyar katifar saurayin ido.

"Samari, wannan ta hurawa ce? Saya ka yi?"

"Kyauta ce, Baba. Wata Baturiya ta bar mini da muka sauko."

"Ƙaya ɗaya ta ishe ta. Ka wayi gari a kan dutse, sanyi ya gama da ƙashinka. Soson nan nawa ko wuƙa ba ya tsoro."

"Ai kuwa ya ji jiki, ya koma kamar gurasar capati."

"Me ka yi mata har ta ba ka?"

"Waƙa nake musu a hanya."

"Waƙa! Mu da ke gaba da tanti a ka, wa ya san fuskarmu? Tun kana goye nake hura musu irin wannan da bakina, can sama inda numfashi ke gagarar mutum."

"Ashe ka fi ni sanin daɗinta."

Dattijon ya latsa ta da yatsa, ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya ce:

"Warware ta, motar ba yanzu ba. Ni zan hura. Amma yau wanda ya hura shi zai kwanta."