Wane Gyaran Hali?

Ya Kellu ta bar tashar keke ta Kasuwar Litinin ranar Laraba ba tare da ta san inda za ta kai ɗanta Habib ba. Tana cikin jiran keken haya ne ta tambayi wani dattijo da ke gefenta ko ya san gidan gyaran hali mai kyau.

Dattijon ya rage murya. "Yaushe ya fito daga daji?"

"Wane daji, Baba? Yaron da bai taɓa wuce unguwarmu ta Galtimari ba?"

"Ke kika ce gyaran hali, Hajiya. A garin nan ai tubabbu ake kaiwa can, waɗanda suka ajiye bindiga."

"Ƙwaya yake sha. Tiramol. Shekararsa goma sha shida."

"Af, to asibitin ƙwaƙwalwa za ki kai shi."

"Kawunsa ya ce wanda ya shiga can, mahaukaci ne sunansa har ya mutu. Shi gidan mari yake so."

"Ɗan ƙanena ya yi zaman mari. Ya fito da izu biyar a kai, tabo a ƙafa, ƙwayarsa a aljihu."

"To ina zan nufa da shi?"

"Wallahi ban sani ba. Amma kada ki ƙara cewa gyaran hali a tasha. In 'yan gora masu farautar mutanen daji suka ji, sai su riga likita ganinsa."

Ta waiwaya. Wani mutum na tsaye a bayansu da gora a kafaɗa, kuma ba ta san tun yaushe yake wurin ba.